Shekarar da Inna ta Ƙulla Gyaɗa da Attaura

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da ke cikin kowace takarda. 'Ya'yana da jikokina, wannan babin na kawunku ne, Yaya Idrisu, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina jin abin da ake faɗa a kansa a gidajen biki da na makoki, wani da ƙarfi, wani ƙasa-ƙasa idan an ga na shigo. Wai ya bar addini, wai Nasara ya bi, wai da ankwa a hannu aka fitar da shi daga Makka. Har ke Zainabu kin taɓa tambayata ina yi miki kitso, kika ce da gaske ne Kawu ya iya yaren Yahudu, na ce ki bari sai kin girma. To ga shi kin girma har kin aurar, ni kuma gwiwoyina sun fara ƙin tashi, gara in faɗa da bakina. Ni ban yi karatu mai nisa ba, 'yan surorin salla ne da 'yar bokon da na koya da tsufa. Amma Allah ya ba ni kunne, kuma duk abin da zan faɗa a tsakar gidanmu aka yi shi.

Sai kun san Inna kafin ku gane sauran. Kakarku da ƙafa ta zo ƙasar nan. Daga wani ƙauye kusa da Kano suka taso ita da mahaifinmu, Yaya Idrisu yana goye a bayanta. Suka ratsa Chadi, suka tsaya Sudan suna tsintar auduga don su haɗa guzuri, can aka haife ni, can kuma mahaifinmu ya rasu bai ga teku ba. Inna ta ja mu mu biyu ta ƙetaro. Buri ɗaya gare ta a duniya, ba ta ɓoye shi ga kowa: ta mutu a Makka, a sallace ta a Harami, a binne ta a Mu'alla. Har likkafaninta ta saya tun ina yarinya, farin yadi dogo, ta jiƙa shi da Zamzam, ta shanya, ta naɗe ta sa a ƙarƙashin matashinta. Iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, ba ta da ita, ni ma ba ni da ita, babanku ne kaɗai yake da wata takarda da yake ta bin ofis a sabunta masa. Haka yawancinmu Takari, mutanen ƙasashenmu da suka zo suka zauna, muke a lokacin. Muna zaune a Utaibiyya, can saman dutse, a ɗakunan langa-langa da katako, inda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu.

Sana'ar Inna gyaɗa ce. Ta soya da yashi a kasko, ta murje, ta ɗauki faranti ta zauna a ƙofar makarantar yara maza. Kowane ƙulli a takarda take yinsa, ta naɗe ta kamar mazurari ta cika ta lanƙwashe baki. To a nan ne dokarta take. A wurin Inna takarda iri biyu ce a duniya. Akwai mai rubutun Larabci, wannan ko ta sigari ce ba a taka ta, ba a ƙunshi da ita, don ba ka san inda sunan Allah ya ɓuya ba. In ta gan ta a ƙasa sai ta durƙusa ta ɗauka, ta karkaɗe, ta sumbata, ta ɗora a goshi, ta kawo gida ta sa a wani kwando da ke rataye kusa da rufi. Akwai kuma sauran takardu, waɗanda take kira rubutun Nasara, su babu komai a cikinsu sai lissafin duniya. Da su take ƙulla gyaɗa, da buhun siminti, da tsofaffin takardun darasin Turanci da mai sharar makaranta yake tara mata. Jarida ko kyauta aka ba ta ba ta karɓa.

Shi kuwa Yaya tun yana ƙarami kansa na karatu ne. A zauren malamai na Harami ya tashi, har wani malaminsa ya yi masa hanya ya tafi jami'a a Masar. Shekaru ba mu gan shi ba. Sai a hajjin shekarar da Yahudawa suka karɓe Ƙudus ya dawo, siriri, da tabarau, da akwatin ƙarfe wanda sai mutum biyu suke ɗaga shi. Ya ce zai zauna 'yan watanni a gida ya rubuta littafin da za a ba shi digirin dakta da shi. Lokacin ina da tsohon cikinki, Zainabu, ba na zuwa ko'ina, da ma ni ba mai yawo ba ce. Sai in zauna a bakin ƙofarsa ina tsince shinkafa ina jin yana karatu a hankali, wani yare mai kama da Larabci amma kamar an shaƙe shi.

“Yaya, wannan wane irin Larabci ne, kamar na mai mura?”

“Ɗan'uwansa ne, Hajara. Ibrananci. Da shi aka rubuta Attaura.”

“Innalillahi! To kai me ya kai ka?”

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce mini akwai labarai da suka shiga littattafan tafsiri tun zamanin da daga bakin ma'abota Littafi, wasu daidai, wasu an yi musu ƙari. Shi aikinsa ya bi kowane labari har ƙofar gidansu ya ga inda ya fito, don a san wanda yake na Alƙur'ani da wanda yake baƙo. Ba zai iya ba kuwa sai ya karanta Attaura da yarenta, ya karanta Linjila da Yunananci. Labarin Annabi Yusufu yake kai a lokacin. Ya nuna mini tulin takardu da ya kwafa da hannunsa daga wasu tsofaffin littattafai a Alƙahira waɗanda ba a barin a fita da su, baƙaƙen masu kusurwa kamar an jera ƙananan akwatuna. Ya ɗora yatsa ya ce nan Yaƙubu, nan Yusufu, nan kuma sunan Allah. Ni ya gaya wa. Inna bai gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba, don ɗan fari ne. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan kunyar ba. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai yaron nan, ko ɗan Masar. In ya gaishe ta bango take amsa wa. Abincinsa ni take ba in kai. Duk son da take masa a cikin tuwon yake tafiya, ba a baki ba.

Aka haife ki, aka yi suna, Yaya ya ce zai je Madina ziyara, ya kuma duba wani littafi a can. Ya bar takardunsa a kan tabarma ya danne da dutse. Yana can yaƙi ya ɓarke. Wayyo, wannan mako! Maza suka bar aiki suka kewaye rediyo a gahawa, wato shagon shan shayi. Ranar farko ana ta kabbara, an ce an kakkaɓo jiragen Yahudawa kamar fara. Bayan 'yan kwanaki sai unguwa ta yi tsit, ka ga dattijo da gemu yana tafe yana share hawaye. Masu zaman rediyo kuwa bakinsu ba ya zama banza, gyaɗa ta yi kasuwa, Inna ba ta tsaya a ƙofar makaranta kaɗai ba, ta haɗa da gahawa. Ga mai shara bai kawo takarda ba saboda ruɗanin da ake ciki. Ni ina ɗaki ina jego, na sha kunun kanwa jikina ya mutu, sai nake jin Inna a tsakar gida tana naɗi. Takardar siminti ƙararta mai kauri ce, ta makaranta laushi gare ta, wannan kuwa ƙaras-ƙaras take yi.

“Inna, sabuwar takarda aka samu?”

“Allah ya kawo. Yi barcinki.”

Ashe ɗakin Yaya ta shiga shara, ta ga tuli a ƙasa. Ta zauna ta rarrabe su tsakani da Allah. Masu Larabci ta sumbata ta sa a kwando, har tana faɗa a ranta wai yaron nan ya je Masar ya koyo barin sunan Allah a ƙasa. Masu baƙaƙen akwatuna kuwa ta ce rubutun Nasara ne, ta kwashe.

Da hantsi, ana dafa mini ruwan wanka, maƙwabciyarmu Gwaggo Ladi ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafinta a hannu.

“Ya Sattar! Hajara, ina Innarki? Musiba! An ce rubutun Yahudu ne a jikin gyaɗarta!”

Wani yaro ne ya warware ƙullinsa a aji, malaminsu ya gani, ya gane baƙaƙen, don irinsu ne ake nunawa a hotunan jarida a jikin motocin yaƙinsu. Ya tattara na sauran yaran ya nufi wurin Umda, mai unguwarmu. Kafin azahar magana ta yi rassa. Wasu suka ce saƙo ne ake aikawa a ɓoye, duk wanda ya sayi gyaɗa ya ƙi ci to shi ne ɗan aiken. Wasu suka ce taswirar Harami ce. Wasu suka ce sihiri ne aka ciyar da 'ya'yan Musulmi, har wata ta ɗura wa ɗanta ruwan gishiri don ya amayar. Ga shi an san akwai wani mai tabarau a gidanmu da ya zo daga Masar, a lokacin kuwa ko ba komai wanda ya fito daga can kallon gefen ido ake yi masa.

Babanku ya rufe shagon ɗinkinsa ya hawo dutsen da gudu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ta yi toka-toka. Kalma ɗaya yake maimaitawa, tasfir. Ku da kuke da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, a aljihu ba ku san nauyin kalmar nan ba. Mota ce take zuwa da shurɗa, wato 'yan sanda, a kwashe gida kaf yadda aka same su, wata da ludayi a hannu, a kai Jidda a tsare, a zuba a jirgin ruwa. Mun ga an yi wa mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Ni ƙasar da za a mayar da ni ban taɓa ganinta ba. Inna kuwa in aka fitar da ita, kabarin da ta taka rabin duniya dominsa ya tafi kenan. Babanku suruki ne, ba ya magana da Inna kai tsaye, sai ya tsaya a ƙofar ɗakina, ita tana zaune ga ta ga shi.

“Hajara, ki gaya wa Inna wutar ruwan wankanki tana ci. Kullum hayaƙi na tashi a gidan nan, ba wanda zai tambaya. A buɗe akwatin nan a zuba komai yanzu.”

Ni kuma bakina ya riga hankalina. Na ce, “Malam, da sunan Allah fa a ciki. Da Annabi Yusufu, da Yaƙubu. Yaya ya nuna mini da yatsansa.”

Inna tana riƙe da mara tana juya gyaɗa. Na ji marar ta faɗi a kasko.

“Me kika ce?”

“Attaura ce, Inna. Ta Annabi Musa.”

“A takardun da na ƙulla?”

Na gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Mu duka tsoron shurɗa muke ji, ita kuwa wani tsoron ne daban ya kama ta, wanda ya fi namu girma. Ta ce sunayen Annabawa suna can a kwata, awaki na ci, yara na takawa, kuma da hannunta ta raba su. Ta miƙe ta shiga ɗakin Yaya, ta jawo akwatin ita kaɗai, Allah ne ya san inda ta samu ƙarfin, ta kai shi ɗakinta ta rufe. Ta ce in gaya wa mai gidan nan duk wanda zai sa wa akwatin nan wuta sai dai ya haɗa da ita. Sannan ta ɗauki mayafi da kwando ta fita.

Wannan fitar ita ce abin da ya fi tsorata ni a rayuwata, kuma ban gan ta da ido ba, da kunne na bi ta. Mai jego ba ta fita. Ina rungume da ke, na manna kunnena a langa-langa mai zafi kamar kasko. Rana tsaka, unguwa cike da mutanen da aka ci da yaƙi suna neman wanda za su huce a kansa, tsohuwa baƙa ba ta da iƙama tana bin lungu-lungu tana tsintar rubutun Yahudu. Gwaggo Ladi da ta bi ta daga nesa ta ce duk wadda ta ɗauka sai ta karkaɗe, ta sumbata, ta ɗora a goshi, a gaban kowa. Har gahawa ta shiga, inda mace ba ta shiga, tana leƙa ƙarƙashin kujeru tana cewa da Larabcinta na kasuwa a ɗaga ƙafa. Ta ƙwace wata daga bakin akuya. Ni abin da nake ji shi ne muryar yara tana matsowa, suna yi wa Inna waƙa da sunan da suke kiran Takari, Takruniyya, Yahudiyya, Takruniyya, Yahudiyya. Sai dutse na farko ya sauka a rufinmu. Kun san ƙarar dutse a kan langa-langa? Kamar an harba bindiga a cikin kunnenka. Kika farka kika tsala kuka, ni ma na kama. Inna ta shigo da jini a gefen goshi, kwandonta da 'yan takardu duk mai da ƙasa, ta zauna tana shafa su ɗaya-ɗaya a cinyarta kamar ba abin da ya faru.

Daga ranar ba wanda ya sake sayen gyaɗa. Ɗan garuwa ya daina hawowa gidanmu, sai babanku ne yake ɗebo ruwa da kansa. Matan da suke zuwa barka suka ɗauke ƙafa, in ban da Gwaggo Ladi da take miƙo mana abinci ta kan katanga. Duk motar da ta yi ƙugi a gindin dutse sai in ji nonona ya tsaya. Na ɗaure kayan jariri a ɗankwali na ajiye a bakin ƙofa, don in sun zo kada su ce ba lokaci. Babanku da takalmi yake kwana. A haka Yaya ya dawo, yana murna da dabinon Madina a hannu, bai san komai ba. Ni na gaya masa. Ya shiga ɗakinsa ya tarar da dutse a kan tabarma, babu komai a ƙasansa. Ya fito, Inna ta turo masa kwandon da bayan hannu, fuskarta a bango. Ya ɗaga wata takarda, rana tana ratsa ta saboda mai. Aikin shekaru ne, abin da ya dawo bai kai rabi ba. Na jira ya yi faɗa. Sai ya durƙusa, idonsa a kan goshinta.

“Inna, wa ya jefe ki?”

“Hajara, ki ce wa yaron nan ya yafe mini. Ban san akwai Allah a wani rubutu ba.”

Bayan la'asar Umda ya hawo da sandarsa, tare da malamin makarantar. Umda tsoho ne ɗan Hijaz, ya daɗe yana cin gyaɗar Inna, Ya Hajja yake ce mata. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, mutane suka taru daga nesa-nesa, mu mata muna bayan langa-langa. Malamin ya fito da takardun da ya ƙwace, ya ce Yaya ya karanta. Yaya ya karanta da yaren, ya fassara da Larabci. Wurin da 'yan'uwan Yusufu suka jefa shi a rijiya ne, suka koma wa ubansu da riga. Malamin ya ce su yaya za a yi su san abin da ke ciki kenan, tunda duk Makka ba mai iya duba shi. Daga baya na ji ƙanensa yana cikin waɗanda suka tafi bakin daga ba a ji labarinsu ba. Umda ya daɗe yana jan carbi.

“Ya waladi, ni na san ka tun kana ɗaukar allo, na yarda da kai. Amma unguwa yanzu ba karatu take so ba, kuka take yi. Maganar nan ta wuce ni, an riga an tambaye ni daga sama, na ce ina dubawa. In aka rubuta ta, ba kai kaɗai za a ɗauka ba, za a ce kowa ya fito da iƙama.”

Ya ce hanya biyu ce yake iya rufe bakin mutane da ita. Ko a fito da akwatin a ƙone shi a nan a gaban jama'a, Yaya ya rantse ya bar wannan karatun, ya zauna a gida kamar kowa. Ko kuma ya ɗauki kayansa ya bar ƙasar tun ba a zo nemansa ba, Umda ya ce baƙo ne ya zo da su kuma ya tafi, tsohuwa ba ta san komai ba. Yaya bai yi dogon tunani ba, ku ji wannan da kyau. Ya ce a kawo ashana. Na ji babanku ya sauke ajiyar zuciya. Sai Inna ta yi gyaran murya daga bayan ƙofa.

“Ya Umda, a gaya wa yaron nan, ni na shafa musu mai, ba zan ƙara musu da wuta ba. Ba a ƙofar gidana ba, ba a garin nan ba. Ya ɗauki kayansa ya tafi.”

“Ya Hajja, in ya fita da wannan maganar a bayansa, da wuya a bar shi ya sake shigowa.”

“Na ji.”

“Inna,” in ji Yaya, “to mu tafi tare.”

“Ni na riga na zo.”

Shi kenan maganar da aka yi. Da yamma ta fito da likkafaninta daga ƙarƙashin matashi, ta shimfiɗa, ta jera littattafan da takardun masu mai a ciki, ta naɗe su tsaf, ta mayar a akwati ta ɗora dabino a sama. Ta ce sun sha ƙasa, yanzu su kwanta a tsarki. Babanku ya ce mini a ɓoye dabara ce mai kyau, don ba ma'aikacin da yake warware likkafanin alhaji a kan hanya. Ni dai na san ba dabara take yi ba. Washegari da safe Yaya ya shiga motar masu kayan lambu zuwa Jidda. Ya durƙusa a gabanta, ta ɗora hannu a kansa, idonta a kan kasko. Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace a gangaren dutse na ji ta faɗa a hankali, sau ɗaya tak a rayuwata.

“Idrisu.”

Shurɗa ba su zo ba. Mun yi watanni muna jiransu, ƙunshin nan na bakin ƙofa sai da na yaye ki na kwance shi. Shi kuwa Yaya ya sauka Sudan, ya daɗe yana koyarwa a ƙananan makarantu, daga baya ya koma Masar ya sake kwafar abin da awakin Utaibiyya suka cinye, ya gama digirinsa. Ya tafi Najeriya, ƙasar da ya bari a goye, ya koyar a jami'a har ya zama farfesa. Ya rubuta a kan Yusufu, ya rubuta a kan Zabura, ya rubuta yadda malaman farko suke karanta littattafan ma'abota Littafi ba tare da imaninsu ya girgiza ba. An ce har limaman coci suna zuwa ɗaukar karatun Ibrananci a wurinsa, in lokacin salla ya yi ya bar su a aji ya je ya yi alwala. Littattafan nan da ke saman kabad ɗina su ne. Ya nemi izinin shigowa ba sau ɗaya ba, aka hana, ba a faɗi dalili ba.

Littafinsa na farko wani alhaji ne ya kawo mana, da baƙaƙen Turanci, nan da can kuma ga ƙananan akwatunan nan. Inna ta ce a nuna mata inda sunan ɗan Masar yake. Babanku ya nuna mini, na nuna mata, ta ɗora yatsa a kai ta daɗe. Sannan ta sa shi a kwandon rufi. Gyaɗa ta koma sayarwa, amma ba ta sake ƙulli da takarda ba, da gwangwani take aunawa ta zuba wa yaro a aljihu. A hanya kuma kowace takarda ta gani sai ta ɗauka, ta Turanci, ta Indiya, har ta jikin gwangwanin madara. In na ce Inna wannan ai ta sabulu ce, sai ta ce ke kin karanta? Kwando ya zama buhu. Ta rasu cikin azumi, muka sayi sabon yadi, aka sallace ta a Harami, aka kai ta Mu'alla. Ta samu abin da ta zo nema. Yaya sai bayan shekaru da yawa aka bar shi ya zo hajji, kansa fari fat. Kabarin Makka ba shi da alama, sai dai babanku ya nuna masa gefen, ya tsaya a rana har aka ce masa za a rufe ƙofa.

Da ya rasu a can Najeriya, matarsa ta zo Umra ta sauka a wurina. Ta ce ya bar wasiyya ɗaya, kada a saya masa likkafani, yana da nasa a ƙasan akwatin ƙarfe. Da suka warware sai suka ga wasu tabo rawaya-rawaya a jiki, kamar na mai, masu wanka suka ce a canza, babban ɗansa ya ce Baba ya ce ko wanke shi kada a yi. Ta tambaye ni ko na san na mene ne. Na ce mata man gyaɗa ne.

To kun ji. Duk wanda ya sake ce muku kawunku ya bar addini, ku gaya masa a cikin likkafanin uwarsa aka binne shi, wanda ta jiƙa da Zamzam da hannunta. Allah ya haɗa su a inda ba a tambayar iƙama, ta kira sunansa yadda take so.